Leƙa Duniya: Gida Mai Taya, Da Yadda Cikin Mota Ke Zama Wurin Zama

Yau Turai da Amurka za mu leƙa, mu shiga wani irin gida da ba shi da harsashi, ba shi da katanga, ba shi da zaure, amma yana da taya huɗu da sitiyari.

A wurinmu in an ce motar gida, ana nufin wadda maigida ke kai iyali unguwa da ita. Wadda za mu yi magana a kanta daban take. Mota ce da aka gina ɗaki a cikinta: ga gado, ga teburin cin abinci, ga murhun gas, ga ɗan firji, ga famfo da tankin ruwa, wata har da banɗaki. Direba in ya taso daga kujerarsa, taku biyu ya kai kicin, taku huɗu ya hau gado. Kunkuru ke nan, duk inda ya sa gaba da ɗakinsa yake tafiya. Bari mu kira ta gida mai taya.

Sayen irin wannan mota magana ce ta kuɗi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda masu ita ke mayar da akwatin ƙarfe ya zama wurin da mutum zai shiga, ya tuɓe takalmi, ya ji hankalinsa ya kwanta. A cikin amsar akwai lissafi, akwai Fiziks, akwai kiwon lafiya, wato darussan da kuke yi a aji kullum.

Daga doki zuwa inji

Tun kafin a ƙera mota, 'yan ƙabilar Romani a Ingila suna zama cikin kekunan doki masu rufi. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan Sukotilan mai ritaya, William Gordon Stables, wanda kuma marubucin littattafan yara ne, ya sa aka ƙera masa irin wannan keke don yawon buɗe ido. Dawaki biyu ke jan sa, ya zuba littattafansa a ciki, ya ɗauki karensa da akunsa, ya tashi daga kudancin Ingila har Sukotilan. A 1907 masu sha'awar irin wannan yawo suka kafa ƙungiyarsu a Ingila.

Da inji ya maye gurbin doki, sai abin ya bunƙasa. A Jamus, tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia ya riƙa sa gado da kabad a cikin ƙananan bas-bas na Volkswagen. A Amurka, kamfanin Winnebago da ke jihar Iowa ya fitar da gida mai tayarsa na farko a 1966. Yanzu kowace shekara ana babban baje kolin waɗannan motoci a birnin Dusuldof na Jamus.

Mutum uku ne za ka samu a ciki. Akwai masu hutu, da kan kwashi iyali su yi mako biyu a bakin teku su dawo. Akwai tsofaffi masu cin fansho, da kan yi watanni suna zagaya ƙasa, musamman a Ostareliya da Amurka. Sai kuma waɗanda ba su da wani gida sai motar. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008, Amurkawa da dama sun rasa gidajensu ko kuɗin haya ya gagare su, suka koma cikin mota suna bin ayyukan ɗan lokaci daga jiha zuwa jiha. Duk hunturu, dubbai daga cikin mazauna mota kan taru a hamadar Quartzsite da ke jihar Arizona, saboda sanyin can da sauƙi. Ga irin waɗannan, gyaran cikin mota ya wuce ƙawa. Shi ne ke raba mutumin da ke kwana a mota da mutumin da ke zaune a gidansa.

Mu fara da awo

Ƙananan gidaje masu taya a Turai, da yawansu da motar kaya ƙirar Fiat Ducato ake yin su. Tsawonta kusan mita 6, faɗinta kusan mita 2. In aka cire wurin inji da mazaunin direba, filin da ya rage bai kai murabba'in mita 8 ba. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 kuwa murabba'in mita 12 ne. Ke nan ɗakin kwana da falo da kicin da banɗaki duk an cusa su a wurin da bai kai ɗaki guda na gidan haya ba.

Shi ya sa kusan komai a ciki aiki biyu yake yi. Kujerar direba da ta mai zaman gaba ana juyo da su su fuskanci ciki, su zama kujerun falo. Teburin cin abinci ana sauke shi da dare, a shimfiɗa katifa a kai ya zama gado. Ƙarƙashin kowane benci akwati ne na ajiya. Marfin da ke rufe murhu shi ne wurin yanka albasa. Duk abin da aiki ɗaya kawai ya iya, sai ya kawo hujja mai ƙarfi kafin a ba shi wuri.

Kowane kaya da nauyinsa

Gidan ƙasa ba ya kukan kaya sun yi masa yawa. Gida mai taya yana yi. A ƙasashen Tarayyar Turai, lasin tuƙin ƙaramar mota ya ba mutum damar jan motar da nauyinta, da duk abin da ke cikinta, bai wuce kilo 3,500 ba. Ku ɗauko biro mu yi misali. A ce motar ita kaɗai kilo 3,000 ce, saura 500. Mutum biyu, mu ce kilo 140. Ruwa lita 100 a tanki kilo 100 ne, tunda lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tukwanen gas biyu, mu ce kilo 50. Nawa ya rage? Kilo 210. A cikinsu ne za a sa abinci, tufafi, barguna, tukwane, littattafai, kayan gyaran mota, wataƙila har da keke.

In aka zarce, ba tarar 'yan sanda kaɗai ke jiran mutum ba. Mota mai lodi fiye da ƙima ba ta tsayawa da wuri in an taka burki, tayoyinta kuma kan yi zafi su fashe. Don haka masu abin suka saba da kwanukan roba masu ƙarfi maimakon tangaran, da katako marar nauyi, da tawul mai saurin bushewa. Kuma suna lura da inda suke ajiye kowane abu: masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, marasa nauyi irin su tufafi a kabad ɗin sama. In an juya tsarin, nauyi ya koma sama, motar sai ta riƙa tangaɗi a kwana kamar akori-kurar da aka yi wa lodin buhuna har sama.

Abin lura shi ne, wannan takura ita ce ke gyara wurin. Mutumin da dole ya auna kowane abu kafin ya shigo da shi, ba ya tara tarkace. Ƙaramin ɗaki kuwa babu abin da ke sa shi ƙunci kamar shirgi.

Gidan da jere ba ya zama

Ku tuna ɗakin amarya ranar jere: kwanuka reras a kabad, kofuna sahu-sahu, tangaran sai sheƙi suke. A ɗauki wannan jeren a sa shi cikin gida mai taya, kafin a fita daga unguwa ya zama tarihi. Dalili kuwa kun karanta shi a Fiziks, dokar Newton ta farko: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya har sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. In mota na gudun kilomita 80 a awa, butar shayin da ke kan tebur ita ma gudun da take yi ke nan. Direba ya taka burki, mota ta tsaya, buta ta ci gaba, sai ta samu gilashi ko ƙeyar wani.

Saboda haka ado a irin wannan gida sai an ɗaure shi. Ƙofofin kabad suna da sakata mai kama kanta. Kantocin littattafai suna da ɗan shinge ko igiyar roba. Hotuna ana manna su ne, ba a rataya su a ƙusa su riƙa lilo. Cokula da gwangwanayen yaji wasu kan kama su da maganaɗisu a jikin bango. Tsakanin faranti da faranti ana sa ƙyalle don kada su dami mutane da ƙara a kan hanya mai gargada. Kafin a tayar da inji kuma, sai an zagaya an tabbatar komai ya koma mazauninsa. Wanda ya saba da haka, ko a duhu ya miƙa hannu zai ɗauko abin da yake nema. Wannan sabo, na sanin inda komai yake, yana cikin manyan abubuwan da ke sa mutum ya ji a gida yake.

Haske, yadi da labule

In ka tambayi waɗanda suka daɗe a wannan rayuwa abin da za a fara canzawa, da yawa fitila za su ce. Motoci kan zo da farin ƙwai guda a tsakiyar rufi, mai haske irin na ɗakin asibiti. Launin haske ana auna shi da ma'aunin Kelbin, kuma ana rubuta lambar a jikin kwalin ƙwan lantarki tare da harafin K. Daga 2,700 zuwa 3,000 haske ne mai ɗan ruwan ɗorawa, mai kama da na fitilar ƙwai ko na rana dab da faɗuwa. Daga 6,000 zuwa sama fari ne fat, kamar tsakar rana. Farin ya dace da wurin girki, inda ake son ganin wuƙa da yatsa. Mai ruwan ɗorawar shi ke sanyaya ido da dare. Maimakon ƙwai guda, sai su sa ƙanana uku ko huɗu a wurare daban-daban: ɗaya a kan gado don karatu, ɗaya a ƙasan kabad, ɗaya a bakin ƙofa. Duk na LED ne, domin wutar gidan daga batir mai bolt 12 take zuwa, wanda injin mota ko farantin sola a kan rufi ke yi wa caji, kuma LED ba ya shan wuta.

Bayan haske sai yadi. Cikin mota ƙarfe ne da roba da gilashi, duka masu tauri, masu sanyi, masu mayar da amo. 'Yar darduma a ƙasa, bargo mai laushi a kan benci, matasai biyu ko uku, su ke shanye amon, su kuma hana ƙafa taka sanyi da asuba. Bango da rufi akan bar su da launi mai haske don wurin ya yi kamar ya ƙara faɗi, madubi guda ma yana taimakawa, sannan a kawo launuka masu ƙarfi a jikin matasai da zannuwan gado. Launi biyu ko uku sun isa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Labule kuwa shi ne katangar gidan. Mota tagogi gare ta ta ko'ina, mai wucewa na iya hango mai barci. Da yamma ta yi, sai a ja labule mai kauri tsakanin mazaunin direba da ɗaki. Sitiyari ya ɓace wa ido, mutum ya manta cewa a bakin titi yake. Labulen yana kuma tare sanyin da ke shigowa ta babban gilashin gaba.

Ɗumi, raɓa, da iskar da ba a gani

Ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin ɗaukar sanyi. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, sai an cusa soso ko gashin tumaki tsakanin jikin mota da katakon ciki, a kuma rufe tagogi da marufi mai sheƙi da dare. To amma in an toshe ko'ina, wata matsalar ta taso. Kun lura da yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi in an fito da ita daga firji? Damshin da ke cikin iska ne ke komawa ruwa in ya taɓa abu mai sanyi. Haka ke faruwa a mota. Numfashin masu barci, tururin tukunya, jiƙaƙƙen tawul, har ƙonewar gas ɗin kanta, duk damshi suke fitarwa. Da safe sai a ga gilashi na ɗigar ruwa. In an bar shi, ƙasan katifa da lungunan kabad su yi funfuna, wari ya kama tufafi, masu asma su shiga wahala. Maganinsa sauƙi gare shi: a bar 'yar tagar rufi a buɗe ko ana sanyi, a rufe tukunya in ana girki, a goge gilashi da safe, a ɗaga katifa ta sha iska.

Ga kuma maganar da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Ba a ɗumama rufaffen wuri da murhun girki ko garwashi. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da guba mai suna kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini, tana kama jajayen ƙwayoyinsa da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jiki ya rasa iskar da yake rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Don haka injin ɗumama ɗaki na waɗannan motoci ta waje yake fitar da hayaƙinsa, kuma ana maƙala ƙararrawar da ke kuka in ta ji gubar. A ƙasan ma'ajiyar tukunyar gas ma akwai 'yar ƙofa da ba a toshewa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya.

Wannan guba ba ta san Turai ko Afirka ba. Ita ce dai ke fitowa daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu, ita ce ke fitowa daga janareton da ake kunnawa a cikin gida ko dab da taga. Kada garin neman gira a rasa ido. In kun ga ana haka a gida, ku yi wa manya bayani cikin ladabi.

Abin da sikeli ba ya aunawa

Bayan duk wannan lissafi, kusan kowane gida mai taya za ka samu abu ɗaya ko biyu da suka karya doka: suna da nauyi, ko suna iya fashewa, amma an ƙi barin su. Wani hoton iyayensa ne, wata bargon da kakarta ta saƙa, wani tsohon kofin da ya saba shan shayi da shi. A 2017 'yar jarida Jessica Bruder ta wallafa littafin Nomadland kan Amurkawan da suka koma zama a mota, aka yi fim da shi, fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2021. A cikin fim ɗin, matar da labarin ke bi ta rasa mijinta, masana'antar garinsu ta rufe, ta bar kusan duk abin da ta mallaka. Amma farantan tangaran da mahaifinta ya ba ta, da su ta shiga mota. Da suka fashe, zama ta yi ta liƙe su da gam.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Makiyayan da ke tashi daga ruga zuwa ruga ba sa ɗaukar abin da ba dole ba, amma ƙoren mace masu zane suna cikin kayan da ake ɗaurewa da kulawa, kuma in an sauka ta jera su, ta kafa gadonta, wurin ya zama gida ko da jiya daji ne.

To, mu fa?

Da yawanku kuna zaune a filin da bai kai na wannan mota ba. Ɗalibin makarantar kwana, gado mai hawa biyu da loka da akwati su ne duk mallakarsa. Wasunku ɗaki guda kuke kwana da ƙanne uku ko huɗu. Dabarun nan duk za su yi muku aiki, kuma yawancinsu ko kwabo ba sa ci. A fitar da abin da aka yi zango guda ba a taɓa ba. Kowane abu a ba shi mazauni, a mayar da shi can da an gama. A gyara gado kafin a fita, domin a ƙaramin wuri gado shi ne rabin ɗaki. A shanya katifa da bargo ranar Asabar, kada a cusa jiƙaƙƙun kaya a loka, a bar taga iska ta wuce. Kyandir da garwashi a yi nesa da su. Sannan a ajiye abu guda daga gida, hoto ko zanen gado ko wasiƙar Mama, a inda ido zai riƙa sauka a kansa, matuƙar dokar makaranta ta yarda. Wanda ya dawo daga aji ya tarar da wurinsa tsaf, karatun dare ma ya fi shiga kansa.

Ga aikin wannan mako. Na farko, ku samo abin awo ku auna tsawo da faɗin ɗakin da kuke kwana, ku fitar da murabba'insa, ku raba da yawan masu kwana a ciki. Na biyu, a ce za ku yi shekara guda a gida mai taya, an ba kowa kilo 20 kacal. Ku rubuta abubuwa goma da za ku ɗauka, ku ja layi a ƙarƙashin guda ɗaya da ba shi da wani aiki amma ba za ku iya barin sa ba, ku faɗi dalili. Ku aiko wa wannan fili tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi armashi.

Sai mun haɗu mako mai zuwa. A yi karatu lafiya.